Masaukin dillali a Maigatari: abin da baƙo zai samu da abin da ya kamata ya kiyaye

Duk wanda ya yi niyyar zuwa Maigatari domin sayen dabbobi, abu na farko da ya kamata ya warware kafin ya bar gida shi ne a wurin wa zai sauka, domin a wannan gari masauki da ciniki a hannun mutum ɗaya suke. Wannan sharhi a kan hidimar ɗaya daga cikin dillalan karar garin ne, wani dattijo da ke saukar da baƙi a gidansa, ya ciyar da su, ya shige musu gaba a wajen ciniki, sannan ya tsaya har a ɗora musu dabbobinsu a mota. Na sauka a wurinsa a lokacin hunturu, sa'ad da na je neman 'yan raguna da zan turke kafin Babbar Sallah, kuma a ganina hidimarsa ta cancanci la'adar da ake biya, duk da cewa akwai wuraren da ya gaza waɗanda bai kamata a rufe su ba.

Maigatari tana can arewacin Jihar Jigawa, a cikin masarautar Gumel, dab da iyakar Nijeriya da Jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Mai tasowa daga Kano zai bi titin Haɗeja ya wuce Gezawa, idan ya isa Gujungu ya ratse zuwa Gumel, wadda ke da nisan kimanin kilomita 120 daga Kano, daga nan kuma tafiya kaɗan ce zuwa arewa. Tun daga Gumel ƙasar take ƙara zama jigawa, itatuwa su yi nesa da juna, sai gawo da kuka da aduwa a tsakiyar gonakin gero da aka riga aka girbe, ga kuma amalanken shanu ɗauke da buhuna suna bin gefen titi. Kasuwa ranar Alhamis take ci, amma wanda ya iso da safiyar Alhamis ya makara, domin dabbobi tun ranar Laraba suke shigowa, wasu a mota, wasu a ƙasa tare da makiyayan da suka koro su daga Dungas da Magarya da ƙauyukan da ke bayansu. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa baƙo yake buƙatar wurin kwana, kuma shi ne tushen sana'ar wannan dattijo.

Masaukin kansa ba shi da wani ƙyale-ƙyale, kuma wanda ya saba da otal ya kamata ya san haka tun daga gida. Zaure ne babba a ƙofar gidan, da ɗakuna ƙalilan a farfajiyar waje, da rumfar kara inda ake sallah da hira. An shimfiɗa tabarmi, akwai 'yan katifu da ake bai wa dattawa da baƙin da suka fara zuwa, akwai randar ruwan sha a lungu da butoci a jere kusa da ita. Fitilar sola ce ke haska zauren, kuma a jikinta ake cajin waya bi da bi. Ba a karɓar kuɗin ɗaki ko na abinci, domin duk wannan yana cikin la'adar da maigidan zai samu idan an yi ciniki, kuma wannan tsari ne da fataken Hausawa suka daɗe da shi, wanda har yanzu ana samun irinsa a Sabon Ibadan da zangon Kumasi. Akwai wani ɗaki guda mai ƙofar ƙarfe wanda mabuɗinsa ba ya barin aljihun maigidan, a nan baƙi suke ajiye kuɗi da jakunkuna, kuma yakan ƙirga abin da aka ba shi ajiya a gaban mai shi da wani shaida kafin ya kulle. Na ji daɗin wannan ƙwarai, saboda mutumin da ya taho da jarinsa gaba ɗaya ba zai iya runtsawa a cikin mutanen da bai sani ba idan kuɗin yana ƙarƙashin kansa.

Abinci daga cikin gida yake fitowa. Da dare an kawo tuwon gero da miyar kuka wadda ta ji daddawa da man shanu, a manyan akusa, ana zama huɗu ko biyar a kan kowanne, da asuba kuma kunu da ɗumame. Babu abin kushewa a tuwon, ya tuƙu sosai kuma ya wadatar. Wanda yake son ƙari zai samu masu shayi da masu balangu a bakin titi har tsakar dare.

Inda masaukin ya gaza shi ne ruwa da makewayi. Banɗaki ɗaya ne ga dukan baƙin da ke waje, kuma a daren Laraba, lokacin da zauren ya cika har wasu suka kwana a rumfa cikin sanyin hunturu, layin da ake yi kafin sallar asuba ya wuce abin da ya dace. Ruwan wanka sai an saya wurin 'yan garuwa, kuma babu wanda ya sanar da mu haka sai da muka nema. Mutumin da ke saukar da wannan adadi na jama'a kowane mako yana da halin ya ƙara makewayi biyu ya ajiye tankin ruwa, kuma na faɗa masa haka cikin ladabi kafin in tafi. Haka nan masaukin na maza ne zalla; mata 'yan kasuwa da suka zo ana shigar da su cikin gida wurin iyali, wanda hakan mutunci ne, amma sai an sanar da shi tun kafin a iso.

Abin da ya fi ɗakin kwana amfani a wannan dare shi ne hirar da ake yi a rumfa bayan sallar isha'i. A nan ne baƙo zai ji yadda kasuwar makon jiya ta kasance, da irin dabbar da ta yi yawa a wannan mako, da yadda canjin saifa, kuɗin Nijar, ya kwana, da ko manyan 'yan tirela masu kai kaya Legas da Fatakwal da Anacha sun iso da yawa, domin idan sun yi yawa farashi tashi yake yi tun da hantsi. Maigidan ya zaunar da ni gefe ya tambaye ni abin da nake nema dalla-dalla: raguna nawa, na wane kuɗi, wata nawa zan turke su, ina da harawa da dusa da kowar wake a ajiye ko saye zan riƙa yi, kuma wurin da zan ɗaure su yana da inuwa ko babu. Da ya ji amsoshina sai ya ba ni shawarar in rage yawan Uda da na yi niyya, saboda tumaki ne da suka saba da yawon kiwo a fili, in haɗa da Balami kaɗan domin masu son babban rago, sauran kuma in cike da 'Yankasa waɗanda suka fi jure zaman turke kuma suka fi saurin fita a hannun mai matsakaicin ƙarfi. Wannan shawara ta rage kuɗin da zan kashe, ke nan ta rage abin da shi kansa zai samu, kuma tun daga nan na fara sakin jiki da shi.

Da safe muka shiga kara. Girman wurin yana ruɗa wanda bai saba ba: ɓangaren shanu daban, inda ake ganin jajayen Rahaji masu dogayen ƙahoni da fararen Bunaji da Bokolo masu guntun ƙaho, ga ɓangaren raƙuma inda Buzaye ke zaune da rawunansu, ga na dawaki da jakuna, sannan na tumaki da awaki wanda ya fi ko'ina cunkoso da ƙura. Hausa ce harshen ciniki, amma kunne zai ji Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye a kowane lungu. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma a nan ne aikin dillali yake bayyana, domin ya san wane garke ne ya kwana a hanya, wane ne aka sayo a wata kasuwa jiya domin a juyar, wane ne kuma ya fito kai tsaye daga hannun mai kiwonsa.

Yadda yake duba rago ya isa a tsaya a kansa. Ba ya fara kallon girma ko ƙaho. Yakan sa a kora ragon ya yi 'yan taku domin ya ga ko yana ɗingishi, sannan ya kama haɓarsa da hannun hagu ya buɗe leɓen ƙasa da babban yatsa ya dubi haƙora, domin famfarar haƙoran gaba biyu ita ce ke nuna rago ya kai kimanin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wanda hakan ke da muhimmanci ga mai shirin sayar da shi don layya. Daga nan sai ya janye fatar ido ya ga ko cikinta ja ne ko ta yi fari, ya shafa ƙarƙashin muƙamuƙi ko akwai kumburin da ke nuna ciwon hanta, ya dubi hanci ko da majina, ya ɗaga wutsiya ko akwai alamar zawo, a ƙarshe ya danna gadon baya da ƙugu da tafin hannu domin ya ji nama. Akwai wani farin Balami da ya ɗauki hankalina saboda cikarsa, har na fara tambayar kuɗinsa. Dattijon ya ɗan bubbuga cikin ragon da bayan hannu, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, wannan kanwa aka ba shi ya sha ruwa ya cika ciki, gobe war haka ba za ka gane shi ba. Mu ƙara gaba." Bai ɗaga murya ba, bai kunyata mai ragon ba, kuma ni da idona ban isa in gane wannan ba.

Wajen ciniki kuwa ba ya gaggawa. Yakan fara da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mai dabba hanya da iyali da labarin ruwa a ƙasarsu, kafin a zo kan taya. Idan ya taya aka ce albarka, ba ya ƙara ko sisi nan take, yakan yi kamar zai wuce, ya duba wani garke, ya dawo. Mutanen da suka zo daga Nijar da yawa da saifa suke lissafi, suna ƙirga dala da jika, kuma shi yana juya lissafin zuwa naira a ka, ya gaya mini abin da ya kama kafin in amsa. Idan an daidaita sai ya haɗa hannuna da na mai dabba, wannan ya ce ya sayar, ni in ce na saya, a yi addu'ar Allah ya sa albarka, yaronsa kuma ya shafa wa ragon fenti a gadon baya ya ja shi zuwa turken maigidan. Game da biyan kuɗi, tun ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 tura kuɗi ta waya ya samu karɓuwa, kuma masu POS suna da yawa a bakin kasuwa, amma makiyayi da ya fito daga daji tsabar kuɗi yake so a hannunsa, sabis ɗin waya kuma yakan yi nauyi idan kasuwa ta cika. Maigidan yakan biya da kuɗinsa a irin wannan hali, baƙo ya tura masa daga baya, wanda hakan sauƙi ne babba.

Amma abin da a ganina ya fi komai daraja a cikin wannan hidima shi ne tsayawa da dillali yake yi a matsayin jingina tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba kuma wataƙila ba za su sake haɗuwa ba. A zamanin da satar shanu ta addabi yankuna da dama na Arewa, sayen dabba a hannun wanda ba a sani ba kasada ce, domin idan aka biyo sawu a hannun mai saye za a same ta. Wannan dattijo ba ya sayen dabba sai a hannun wanda ya sani ko wanda wani dillali sananne ya tsaya masa, kuma yakan tabbatar an yanki takardar kasuwa ga kowane ciniki an damƙa wa baƙo. Na ga amfanin wannan tsayawa da idona, domin bayan azahar, da muka koma turke muna ƙirga abin da aka saya, sai ɗaya daga cikin Udan ya fara tari yana sauke numfashi da ƙyar. Ban kai ga yin magana ba ya kira yaronsa ya ce a nemo mai shi, wanda har ya fara shirin komawa. Aka yi magana a tsakaninsu ba tare da hayaniya ba, aka mayar da ragon, aka dawo mini da kuɗina cif. Shari'a ta bai wa mai saye damar mayar da abin da aka samu da aibi, amma da ni kaɗai ne da ban san inda zan nemo mutumin ba, balle in sa shi ya karɓa.

Duk da haka akwai wani gefe na sana'ar da ya kamata baƙo ya buɗe ido a kansa. Dillali yana saukar da masu saye, yana kuma saukar da masu sayarwa, kuma wasu daga cikin dabbobin da zai nuna maka na baƙinsa ne da suka kwana a gidansa. Na lura cewa idan muka zo kan irin waɗannan, tayinsa yakan fi sassauci, kuma ba ya saurin cewa mu ƙara gaba. Bai ɓoye mini cewa na baƙinsa ne ba da na tambaya, amma sai da na tambaya. Sannan akwai ciniki guda da yaronsa ya ƙulla a bayan idona yayin da muke wani ɓangare, aka zo aka gaya mini kuɗin kawai, ban ji abin da mai dabbar ya sallama da kunnena ba. Ba na zargin an ɗora mini wani abu a kai, amma sananne ne a kasuwannin dabbobi cewa ta wannan ƙofa ce ake cin riba biyu, kuma dillalin da ke son a ci gaba da yarda da shi bai kamata ya bar yaransa su buɗe ta ba. Shawarata ita ce baƙo ya yanke la'adar kowane kai tun daren Laraba, ya kuma faɗa a fili cewa ba ya son a sallama masa dabba sai yana tsaye. Da na faɗi haka ga dattijon bai ji haushi ba, ya ce, "Gaskiyarka ce, Malam, haka ya fi."

Maigatari ba garin dabbobi kaɗai ba ce, garin noma ce, kuma a hunturu ɓangaren amfanin gona yana cika da buhunan zoɓo da riɗi da gero da wake. Jigawa tana sahun gaba a noman zoɓo a Nijeriya, kuma mafi yawan wanda ake fitarwa waje ƙasar Meziko yake tafiya, farin riɗin wannan yanki kuma har a wajen masu fitar da kaya da sunan Maigatari ake kiransa. Na so in sayi wake da kowarsa domin abincin ragunan, sai maigidan ya ce wannan ba fagensa ba ne, ya haɗa ni da wani mai awo da ya amince da shi, bai kuma karɓi komai a kai ba. Na yaba da wannan, domin da yawa sukan karɓi aikin da ba su iya ba don kada kwabo ya wuce su. Mai zuwa domin zoɓo ko riɗi da yawa ya nemi dillalin hatsi tun farko, saboda can maganar sikeli ce da danshi da tsakuwa, ilimi ne daban.

Yawan abin da baƙo zai tarar a kara yana rataye da halin da iyaka take ciki, kuma wannan ba ya hannun kowane dillali. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa a watan Agusta na 2019, kuma Maigatari tana cikin huɗun farko da aka buɗe a watan Disamba na 2020, tare da Seme da Illela da Mfum. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli na 2023, sai a watan Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk lokacin da irin wannan ya faru dabbobin da ke gangarowa daga arewa raguwa suke yi, farashi ya tashi, masaukai su yi shiru. Saboda haka yana da kyau mutum ya kira dillalinsa a waya tun ranar Litinin ko Talata ya ji yadda ake ciki kafin ya ɗauko kuɗi ya kamo hanya, kuma wannan dattijo yana ɗaukar waya yana faɗin gaskiyar kasuwa ko da gaskiyar za ta hana baƙo zuwa.

Lodi shi ne mataki na ƙarshe, kuma a nan an ɓata mini lokaci fiye da kima. Wanda ya sayi dabbobin da ba su cika mota ba dole a haɗa shi da wasu, kuma motar da aka haɗa ni da ita ta tsaya jiran wani mai kaya har bayan magariba, ragunan suna ɗaure a rana tun hantsi. Yaran maigidan sun ba su ruwa da ɗan harawa, sun kuma zuba yashi a cikin motar don kada su zame, shi kansa bai bar wurin ba sai da muka tashi, ya karɓi lambar direba, ya kuma kira ni da dare ya ji ko mun sauka lafiya. Amma tafiyar dare da dabbobin da suka gaji ba abin so ba ce, kuma da an tsara motar tun da safe da ba a kai haka ba. Wanda zai kai dabbobinsa Kano ko wani gari mai irin wannan nisa ya gaya wa dillali tun daren Laraba cewa motar da za ta tashi kafin la'asar yake so, idan kuma abin da zai saya ya kai rabin mota, gara ya haɗa kai da wani baƙo a masaukin su ɗauki shatar mota guda su biyu.